Yadda Alhaji Gidaɗo Ya Rasa Kabari a Madina

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Guga ta Katsina ya san Alhaji Gidaɗo, ko da bai taɓa sa shi a ido ba. Shekara talatin da ɗoriya sunansa ne ke zaune a unguwar, shi kuwa yana Madina yana kiwon awakin wani Balarabe. In baƙo ya ce gidan Alhaji na Madina yake nema, ko akuya ta san hanya: gida ne mai koren ƙyaure, da injin markaɗe yana kuka a ciki tun hantsi.

Bafulatanin gida ne. Kakansa ya zo da shanu ya yada zango a bayan ganuwa, ubansa ya shigo gari, shi kuma ya tashi bai gaji komai na Fulani ba sai dogon hanci da son nono da taurin kai. Ya yi firamare, ya samu aiki a asibitin dabbobi, shi ne mai danne saniya a yi mata allura. Ya auri Kubura, 'yar gidan wani alƙali da aka daɗe da mantawa da shi, mace gajera mai kaifin baki. A farkon shekarun tamanin, lokacin tana goyon ɗansu na biyu, ya sayar da bijimai biyu na gadonsa ya tafi aikin Hajji. Jirgin da ya kai su ya dawo da kowa ban da shi.

Sai bayan wata uku kaset ya iso ta hannun wani alhaji. Aka taru a tsakar gida aka sa a rediyo. Bayan gaisuwar da ta cinye rabin kaset ɗin, Gidaɗo ya ce ya samu aiki a gonar dabino a bayan garin Madina, akwai awaki da raƙuma, kuma mai gonar ya tsaya masa an ba shi igama, wato takardar zama. Sannan ya gyara murya ya ce, "Kuma ina so ku sani, ni ƙasar Madina ce za ta ci ni. Kada wanda ya sa rai da gawata."

Kubura ta kashe rediyon ta ce, "To. Sai a sauke tuwo."

Babu Musulmin da bai san falalar mutuwa a Madina ba, a sallace ka a masallacin Manzon Allah, a kai ka maƙabartar Baƙi'a. Kowa na fata. Amma mutane fatan suke yi su koma kasuwa. Gidaɗo shi kaɗai ya mai da abin sana'a.

Yakan zo gida bayan shekara biyu ko uku, da jallabiya da turare da dardumai, yana magana yana cusa "ya'ani" a tsakanin kowace kalma biyu. Ya yi wata guda, ya bar wa Kubura ciki, ya koma. In aka yi rasuwa yana gari, yakan bi gawa har maƙabartar Ɗan Takum, ya tsaya ya harɗe hannu a baya yana duban kaburburan kamar mai gidan kansa da ya zo ganin 'yan haya. Wata rana a wurin ya ce wa abokinsa Sammani mahauci, "Allah sarki. Ku nan za ku kwanta ke nan." Sammani ya ce, "E, mu nan za mu kwanta. Kai kuma in ka je can ka gaida awaki." Tsakanin Fulani da mahauta akwai wasa, saboda haka ba a yi faɗa ba, amma maganar ta zaga gari, kuma ba ta ƙara masa masoya ba.

Shekarar da ya biya wa Kubura Hajji, ta yi abin da alhazai suka saba. Ta sayi farin yadi turmi biyu a Makka, ta wanke da ruwan zamzam, ta shanya, ta ninke: likkafaninta da nasa. Da suka haɗu a Madina ta nuna masa. Ya ɗaga gefen yadin da yatsa biyu.

"Hajiya, wanga ai na masu komawa gida ne. Mu nan hukuma ke yi muna sutura."

"Ba ya cin tuwo," in ji ta. "Bari in ajiye."

Ta kawo shi Katsina ta sa a ƙarƙashin adaka, ƙasan zannuwan biki.

Zuwansa na ƙarshe, lokacin furfura ta gama cinye gemun, ya yi abin da a ganinsa hankali ne. Ya tara 'ya'yansa ya ba su gidan kyauta tun yana raye, don kada a wahalar da kowa da rabon gado. Ya rabar da manyan rigunansa. Ya bi gida gida yana neman gafara, har gidajen da bai taɓa yi musu komai ba, saboda bai zauna ba balle ya yi musu. Aka yi koke-koke. Ko sati bai yi da tafiya ba Kubura ta sa aka fitar da gadonsa, ta kafa injin markaɗe a ɗakin. Ɗakin na bakin ƙofa ne, ya dace da ciniki.

Abin da Gidaɗo bai lissafa ba shi ne, Balaraben zai riga shi. Tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da gonar da awakin da raƙuman. Suka kira Gidaɗo suka sumbaci goshinsa, suka ba shi agogo da tikitin jirgi, suka sa aka buga masa hatimin fita ba dawowa. Can ƙasar ba ta ajiye tsohon baƙo. Ranar da ƙarfinka ya ƙare, ranar takardarka ta ƙare, ko da kuwa kai ka yi renon mai buga hatimin.

Ya karɓi agogon, ya yi godiya, bai je filin jirgi ba. Ya koma wani ɗaki a cikin gari inda wasu tsofaffin Hausawa ke zaune a ɓoye, kowa da tabarmarsa da ciwonsa. Kullum tun asuba yana masallaci. Kusan bayan kowace salla ana sallar gawa, shi kuma yana sahu, yana kallon ana wucewa da mutane zuwa inda yake so. Bai nemi mutuwa ba, ya san haramun ne, amma dai bai ɓoye mata ba. Ya ci kitse, ya ci dabino ba ƙidaya, ya yi yawo cikin ranar da ke narkar da takalmi. Ko ciwon kai. Nonon raƙumin da ya sha shekara da shekaru ya mai da jikinsa kamar kirgi. Abokan ɗakinsa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, yana gadon tabarmi.

Ana cikin haka Sammani mahauci ya zo Umara, 'ya'yansa suka biya masa. Suka haɗu a farfajiyar masallaci. Sammani ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai, Bafillace, har yanzu kana nan? Mu can mun daɗe da yi maka addu'a."

"Ina jiran lokaci."

"Ko dai an duba takardunka an ga ba ka cancanta ba?"

Suka ci shinkafa da kaza tare, Sammani na ta ba shi labarin waɗanda suka mutu a gida. Kwana uku bayan haka Sammani ya yi alwala zai fita sallar la'asar, ya zauna sa takalmi, bai tashi ba. Aka sallace shi a masallacin, aka kai shi Baƙi'a. Gidaɗo na cikin masu ɗaukar makara, yana kuka har da shessheƙa, Larabawa na dafa kafaɗarsa suna ba shi haƙuri. Da yamma ya ari waya ya kira Kubura.

"Hajiya, Sammani ya rasu."

"Mun ji. Allah ya ji ƙanshi. Ya yi kyakkyawan ƙarshe."

"Mutumin da ya ƙare rayuwarshi yana cusa ƙashi a tsakiyar nama. Kwana huɗu ya yi a garin ga. Ni shekara nawa ina bin layi?"

"Ka kai ƙara," in ji ta.

Ba a daɗe ba aka fara kamen marasa takarda. Ya fito daga sallar azahar wani ɗan sanda da bai kai ɗansa ba ya ce ya nuna igama. Gidaɗo ya yi masa Larabci mai kyau, ya gaya masa tun kafin a haife shi yake garin, kuma ba aiki yake nema ba, ɗan wurin kwanciya kawai yake jira. Yaron ya saurara da ladabi, ya buɗe masa ƙofar mota. Aka ɗauki hoton yatsunsa, aka gaya masa ba shi ba shiga ƙasar sai bayan shekara goma, aka sa shi a jirgin Kano.

Keke mai ƙafa uku ce ta sauke shi a Ƙofar Guga, da silifa da leda ɗaya da agogon Balarabe. Kubura na zaune bakin injin tana karɓar robobin markaɗe. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsa.

"Alhaji, kai ne, ko aiko ka aka yi?"

Ya leƙa ɗakinsa ya ga injin da ruwan tattasai a ƙasa. Gidan ba nasa ba ne, shi ya bayar da bakinsa a gaban shaidu. 'Ya'yan dai suka share masa ɗakin ajiyar dusa, aka sa katifa. Rigar zuwa Juma'a ma sai da aka aiko masa da ɗaya daga cikin waɗanda ya rabar. A majalisar ƙofar masallaci kuwa an samu abin yi. Gaisuwa takan fara daidai, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi, sai a ƙarshe wani ya ce, "Ya mutanen Baƙi'a, Alhaji? Ka baro su lafiya?"

Sati biyu bai fita ba. Yana kwance a ɗakin dusa yana lissafi. Shekararsa saba'in ba ɗaya. In yana son Madina, dole ya kai kusan tamanin da ransa. Mutumin da ya shekara uku yana yi wa mutuwa tayi a can, yanzu ya zama dole ya guje mata a nan, a garin da sauro da babura da rijiyoyi ke taya ta aiki.

Washegari ya sa Alamin, ɗansa na biyu, malamin makaranta, ya kai shi asibiti. Aka ce jininsa ya ɗan hau. Tun daga ranar ya zama wani mutum. Ya daina gishiri. Ya daina kilishi da balangu. Bai ƙara hawa babur ba, in zai tsallaka titi sai ya tsaya har titin ya zama kamar ranar ƙidaya. Gidan sauro ko da sanyi. Maganinsa na cikin aljihu a ƙulle a leda, yana duba agogon Balarabe don kada lokacin sha ya wuce. In jika ya yi tari, sai a fitar masa da shi. Jana'iza yana zuwa, amma da laima, kuma daga inuwa. Da ya ga ba nonon raƙumi, ya matsa wa 'ya'yan suka saya masa jar saniya, ya ɗaure ta a bayan gida, yana tatsa da kansa, yana zagin duk wanda ya ba ta ruwan wanke-wanke.

Kubura takan dafa masa miyarsa daban, salam kamar ruwan tafki, ta dire masa.

"Ga abincin matafiya."

"Ki yi ta yi. Ni dai ba za ku ga gawata ba."

"Ni ko rayayyenka ban gama gani ba, Alhaji."

Shekaru suka yi ta tafiya, masu yi masa ba'a suka yi ta ƙarewa. Ya raka su Ɗan Takum ɗaya ɗaya, da laimarsa. Ba shiri ya zama shi ne babba a sahun gaba. In za a ɗaura aure, shi ne waliyyi. In an haihu, shi ke raɗa suna. In maƙwabta sun yi rigima kan magudanar ruwa, gabansa ake zuwa, ya yi "ya'ani" sau biyar ya raba gardama. Duk wanda saniyarsa ko tunkiyarsa ta ƙi cin abinci, daga nan har Kambarawa, shi ake ɗauka a mota, ya ce wa direba ya tafi a hankali. Bai ce yana jin daɗi ba. Kullum cewa yake yi shi baƙo ne, jira yake.

Da wa'adin ya cika, 'ya'yan suka haɗa masa kujerar Umara, aka ce Alamin ya raka shi. Ya sake bin gidaje neman gafara. Wannan karon ba wanda ya yi kuka. Wata tsohuwa ta ce masa daga bayan labule, "Mun yafe tun wancan karon, Alhaji, ai bai ƙare ba."

Ranar tafiya saniyar na da tsohon ciki. Ya tsaya a kanta yana shafa mata wuya, mota na jira.

"Ku kula da ita. Kada a ba ta dusa mai tsami."

"To," in ji Kubura. "In ta haihu fa?"

"Ku kira ni."

"A ina? Akwai waya a Baƙi'a?"

Ya wuce mota. Ita kuma ta ja Alamin gefe ta ce, "Ka riƙe fasfo ɗinka da kyau. In ya gudu, kada ka ɓata ƙafarka. Ka sayo mani dabino ka taho."

Alamin ya tafi da shirin gadin tsoho, sai ya tarar tsohon ne ke gadin kansa. A Makka ya ce a tura shi a keke wajen ɗawafi saboda turmutsitsi. A Madina, garin da ya sani kamar tafin hannunsa, bai fita ba laima, bai tsallaka titi sai ya riƙe hannun ɗansa, aka miƙa masa dabino ya ce akwai sukari. Shekara goma yana koyon gudun mutuwa, jiki ya riga ya iya, ba ya jin wata magana.

Ana gobe za su taso suka je Baƙi'a bayan sallar asuba. Kaburburan ba suna, duwatsu ne kawai a jere. Gidaɗo ya yi sallama, ya yi addu'a, ya nuna wani sashe da haɓa ya ce nan wajen aka sa Sammani, ko kuma can, ya manta. Ana haka aka shigo da wata gawa da sauri, mutane na karɓa-karɓa, aka sa ta, aka rufe, aka watse. Ya ga irin wannan ya fi sau dubu. Amma da can bai taɓa zama mutumin da ake tashi a ba wuri in ya shigo ba, kamar yadda ake yi masa yanzu a gida.

"Wane ne aka kawo?" ya tambayi wani da ke kakkaɓe hannu.

Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Gidaɗo ya juya ga kaburburan. Sannan ya ce, "Sammani, ka riga ni, Allah ya sa ka huta." Ya juya ga Alamin. "An kira daga gida?"

"An kira, Baffa. Kowa lafiya."

"Ba kowa na tambaye ka ba."

"Ta haihu. Mace."

Ranar tashi, Alamin ya farka bai ga tsohon a ɗaki ba. Ya ce shi ke nan, an gudu. Ya sauko da gudu, sai ga Baffa a cikin motar filin jirgi, kujerar gaba, shi kaɗai, ya rungume jaka, ko direba bai zo ba.

"Baffa, ba ka ce..."

"Rufe mani baki. Ajali ba a yi mashi dole."

Ya iso Ƙofar Guga da jarkar zamzam guda, irin wadda ake ba kowa. Ya wuce masu yi masa sannu da zuwa, ya je ya duba 'yar maraƙa, ya buɗe mata baki, ya ce an bar ta cikin rana. Sai da ya ci tuwonsa marar gishiri, gida ya yi shiru, sannan ya yi gyaran murya, yana kallon bango.

"Hajiya, yadin nan da kika taɓa wankewa. Yana nan?"

"Wane yadi?"

"Kin sani."

"Na masu komawa gida?"

"Shi."

"Ai Ɗanjuma mai faci ya tahi da shi. Bayan tafiyarka ya rasu, gidan ba su da ko ƙyalle. Na ce ga na Alhaji nan, shi hukuma ke yi mashi sutura."

Gidaɗo ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Shekara ashirin yana adaka. Sai da ya rage sati biyu?"

"Sau biyu kana bankwana, Alhaji. Na ɗauka ko ɗaya ya kama."

"Naki fa?"

"Nawa nawa ne."

Da safe ya aiki Alamin kasuwa ya yanko farin yadi. Kafin yadin ya iso, labarin zamzam ya riga ya zaga, mata da yara sun cika tsakar gida kowa da kofinsa, Kubura na tsiyayawa kamar ta gaji rijiyar. Da ƙyar ya ƙwaci jarkar da ɗan abin da ya rage a gindi. Bai isa wanki ba. Ya zuba a kwano, ya shimfiɗa yadin, ya yi ta yayyafawa da yatsu daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai shirin guga. Ya shanya a igiya, ya jawo kujera ya zauna a gabansa da sanda, domin 'yar maraƙar ta fara sha'awar gefen.

Wani dattijo da ya shigo gaisuwa ya dubi yadin, ya dubi mai gadinsa.

"Alhaji, ashe da mu za a kwanta."

"Wajen bishiyar dalbejiyar nan ta gabas ba laifi," in ji Gidaɗo. "Akwai inuwa. Amma ba sauri nake ba."

Kubura ta leƙo daga ɗakin injin, hannunta duk tattasai.

"Lokacin maganinka ya yi."

Ya duba agogon Balarabe, ya ga gaskiyarta.

"Miƙo ruwa," ya ce.